Mai Duba Ruwa a Bakin Prut

Ni ne Ilarion, mai duba ma'aunin ruwa.
Shekara ashirin da uku ke nan
ina sauka gangaren nan kafin zakara ya miƙe wuya,
in tsuguna gaban sandar ƙarfe mai lambobi,
in tambayi Prut: yau a ina ka kwana?

A ƙetare, Zamfira ce.
Ita tana cikin Tarayyar Turai, ni ina bakin ƙofa.
Tsakaninmu bai fi jifa biyu ba.
Ina jin tarin mijinta, na san ranar wankinta.
Amma in zan sha shayi a gidanta
sai na hau bas zuwa gada, awa biyu,
in bi layi bayan manyan motocin inabi,
wani saurayi ya buga mini hatimi yana hamma.

Bara waccan suka zo da takalma masu tsabta,
suka kafa allo shuɗi mai taurari goma sha biyu.
Suka ce maƙwabtaka, suka ce haɗin gwiwa,
tafinta na haɗiye rabin zancen.
Aka ba ni na'ura mai jan ido,
aka ba Zamfira irinta,
wai daga yau su za su riƙa gaisawa a madadinmu.
Na sa hannu a takarda huɗu. Na ci biskit.
Ban raina ba: sun gyara mana madatsa,
sun sa fitila a hanyar makaranta,
kuma 'yata Profira na can Torino
tana juya wata tsohuwa a gado, tana turo kuɗin itace.

Sai daren nan na watan Yuli.
Kwana uku ana tafka ruwa a kan duwatsun arewa.
Wuta ta ɗauke. Idon na'ura ya mutu. Waya ta yi gum.
Na sauka da fitilar ƙwai.
Ruwa ya haɗiye lamba huɗu, yana lasar biyar.
Ga mushen tunkiya na wucewa, ƙafafu a sama,
ga ƙofar wani, har da kwaɗonta.
Ƙauyenmu a kan tudu yake. Nasu a kwari.

Na ƙwala kira, kogi ya fi ni murya.
Sai na ɗaga fitila, na sauke. Na ɗaga, na sauke.
Sau biyar. In huta, in sake.
Haka ubana ke yi wa ubanta
zamanin da waya mai ƙaya ta bi gaɓar nan,
gaisuwa ma laifi ce.
Hannuna ya ƙage. Ban sani ba ko barci take.

Can wani ɗan haske ya ƙifta cikin itatuwa.
Ɗaya. Biyu.
Kafin in miƙe, ƙararrawar cocinsu ta fasa dare.

Da gari ya waye shanunsu na kan tudun maƙabarta,
yara a naɗe cikin barguna. Ba wanda aka rasa
sai kaji, da wani kare mai taurin kai.

Rahoto ya fito da kaka, shafi sittin.
An ce shiri ya yi nasara. An sa hoton na'urar.
Ban yi musu ba. Ruwa ba ya karatu.

Zamfira ta aiko mini zuma ta hannun direban bas.
Na rama da cukun tumakina, ƙulli biyu.
A gada aka tsare shi:
wai madara ba ta shiga Tarayya sai da takarda.
Direba ya dawo mini da ƙyallen, a ninke.

Yanzu kullum da asuba
na'urorin na gaisawa ta sama, ban san me suke cewa ba.
Ni kuwa in na gama rubuta lambata
sai in ɗaga hula.
Ita ta ɗaga bokiti.
Prut ya bi ta tsakaninmu ba fasfo,
ya ɗan ci ƙasarsu, ya ɗan ci tamu.